Tulin Yashin Baba Daidai

A unguwarsu ba mai kiran maginin nan da sunansa na gaskiya. Baba Daidai ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Tun yana saurayi, in ya tsaya gaban bango, nasa ne ko na wani, sai ya rufe ido ɗaya, ya karkatar da kai, ya ce, "Bai yi daidai ba." Ya faɗa wa bangon makaranta, ya faɗa wa na tasha, har hoton da surukinsa ya rataya a falo bai tsira ba, ranar da ya fara zuwa gaisuwa. Allah ya taimake shi surukin mutum ne mai son dariya.

Da lebura ya fara. Ya ɗauki kwanon siminti a ka har gashin tsakiyar kansa ya yi fushi ya tafi bai dawo ba. Daga baya wani tsohon magini ya ga yaron yana da ido, ya miƙa masa cokalin gini, ya koya masa aikin yadda shi ma aka koya masa: duk abin da za ka sa a ƙasa ka sa shi da zurfi, ka danne shi sosai, ka shafe samansa, sannan ka bi shi da ruwa safe da yamma har ya kama. Da wannan karatu Baba Daidai ya gina gidajen mutane, ya gina shaguna da ɗakunan karatu, ya aurar da 'ya'yansa, a ƙarshe ya gina nasa gidan mai ɗaki uku da tsakar gida da aka daɓe sumul. Babu bangonsa ko ɗaya da aka taɓa jin ya tsage.

Matarsa tela ce, Mai Keke ake kiranta, tana da ɗan shago a bakin titi. Sun haɗu ne a wani fili da ke bayan kasuwa, lokacin tana koyon ɗinki shi kuma yana lebura a wani gini da ke gefen filin. Ta nan take ratsawa da hantsi in an aike ta sayen zare. A filin akwai wani ɗan fure shuɗi, bai fi maɓallin riga ba, da ɗigon rawaya a tsakiyarsa. Da damina yake fitowa. In rana ta ɗan ɗaga sai ya buɗe, kafin ta take tsaka ya naɗe kansa ya ɓace a cikin ganye kamar ba a taɓa yin sa ba. Ranar da saurayin ya samu ƙarfin zuciyar tare ta, ba shi da komai a aljihu sai ƙusa. Ya sunkuya ya tsinko furen da yatsunsa da siminti ya yi wa fari, ya miƙa mata. Ta duba, ta saƙala shi a kunne, ta ce, "To, na samu ɗan kunne. Saura na ɗaya gefen." Ya tsinko na biyu.

Tun daga ranar, a gidansu ɗan kunne ne sunan furen. Sauran mutanen gari ciyawa suke ce masa, in ma sun lura da shi. Kowace damina Mai Keke takan bi ta filin ta tsinko 'yan kaɗan ta sa a kofi a kan kekenta. Filin kuwa yana ta raguwa, yau a yanki nan a yi gida, gobe a yanki can a yi gareji, har ya rage ɗan tudu guda. Da aka tashi gina jerin shaguna a kan tudun, ba wanda aka nema sai Baba Daidai.

Ya karɓi aikin. Da ya gaya mata, ta tsayar da keken, ta dube shi ta saman tabarau.

"Wato kai ka ba ni, kai kuma za ka binne."

"In ban gina ba wani zai gina, Gimbiya. Gara ni, aƙalla bangon zai miƙe."

"Bango zan saƙala a kunne?"

Ya shafa sanƙonsa. Can ya ce, "Zan kawo miki furen har ƙofar ɗakinki. Ki rubuta ki ajiye."

Damina ta ƙare a lokacin, furen ya bushe ya bar 'yan ƙananan kwanso. Ranar da za a fara haƙa, leburori suka iso suka tarar da mai gidansu durƙushe a kan tudun yana tsince-tsince yana zubawa a hula. Ba wanda ya tambaye shi, sai dai kallon juna. A gida ya murje kwanson a kan farar takarda, ya hure ƙaiƙayin a hankali. Irin ya fito baƙi, ƙanana kamar garin kwalli, bai ko rufe gindin kwalin ashana ba. Washegari aka zuba harsashin gini a kan tudun.

Sai Baba Daidai ya shiga noman fure, kuma ya shige shi a matsayin magini. Ya zaɓi wuri a gaban tagar matarsa. Ya ja igiya, ya kafa turaku, ya jera bulo layi biyu, ya yi masa filasta ciki da waje, ya ɗora ma'auni a kowane gefe har ɗigon ruwan da ke cikin ma'aunin ya tsaya cak a tsakiya. Ya sa aka kawo masa baƙar ƙasa daga bakin rafi, ya cakuɗa ta da taki kamar mai kwaɓa siminti. Ya ɗauki guntun ƙarfen rodi ya huda ramuka a jere, kowanne zurfin ɗan yatsa. Ya zuba iri, ya rufe, ya danne da katako, ya bi saman da cokali har yana sheƙi. Sannan ya sayo garwar ban ruwa mai rariya a baki, ya kama ba wa wurin ruwa safe da yamma.

Maƙwabcinsa tsohon direban babbar mota ne da ya ajiye aiki. Katangar da ke tsakaninsu gajeriya ce, kuma a kanta Direba yake wuni, ya ɗora haɓa a kan hannuwa yana duba lafiyar duniya.

"Mutumina, wannan wurin wankan agwagi ne ko wurin wanke mota?"

"Lambu ne."

"Lambun me?"

"Fure. In ya fito za ka gani."

"Lallai furen nan babban mutum ne. Ni da na yi maƙwabtaka da kai shekara da shekaru, dakalina ya fashe ko kallo bai ishe ka ba."

Aka yi ta jira, ba abin da ya fito. Saman ƙasar ya sha ruwa ya sha rana har ya ƙanƙame. Direba ya tsallako wata rana ya ƙwanƙwasa shi da makullin ɗakinsa, ya saurara, ya ce wallahi in da yana da motarsa a nan zai riƙa ajiye ta.

Baba Daidai ya zauna ya yi nazari, ya gano inda kuskuren yake, a ganinsa. Aikin bai yi ƙwari ba. Ya farfasa saman, ya ƙara taki, ya ƙara wa ramukan zurfi, ya sake zuba iri. Wannan karon har ya jiƙa tsofaffin buhunan siminti ya lulluɓe wurin, kamar yadda ake yi wa sabon daɓe don kada rana ta tsaga shi. Kullum da safe sai ya ɗaga bakin buhu ya leƙa. Wata safiya ya leƙa ya ƙwala wa matarsa kira. Ta fito da gudu da tsintsiya a hannu. Abu ya fito kam, fari, mai 'yar hula, cike da wurin.

"Malam," ta ce tana danne dariya, "naman kaza ne."

Direba ya leƙo ta katanga ya ce barka da arziki, ashe mai lema aka shuka. Mai Keke ta yi dariya har ta zauna a kan bulo tana share hawaye da bakin zane. Shi ma maginin ya ɗan murmusa. Amma da ya shiga ɗaki ya buɗe kwalin ashanar, murmushin ya tafi. Abin da ya rage a kusurwar kwalin bai fi a ɗauka da yatsu biyu sau ɗaya ba.

Autarsu, wadda take aikin jinya a wata unguwa, ta zo gida ta ji labari. Ta ce, "Baba, wannan duk wahalar me? Tashi mu je wurin masu sayar da fure, ka zaɓi wanda kake so." Ya bi ta don kada ta ji ba daɗi. Suka zaga rumfunan masu fure, yana kwatanta musu da yatsa: shuɗi, ƙarami, rawaya a tsakiya. Aka nuna masa ja mai ƙaya, aka nuna masa fari mai ƙamshi, aka nuna masa na roba wanda ba ya son ruwa. Wani dattijo a cikinsu ya gane abin da yake nufi, ya ce, "Ai wannan ciyawa ce, Baba. Wa zai sayar da ciyawa? Da can ta cika ko'ina, yanzu na manta rabon da in gan ta." A ranakun hutunsa maginin ya hau kekensa ya bi gefen gari yana duba filaye. Duk inda ya sani da fili ya tarar da bango, wasu ma nasa ne. Ya dawo ya tabbatar a ransa cewa ɗan kunnen da ya rage a garin nan shi ne wanda ke cikin kwalin ashanarsa.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, damina ta matso. Wata yamma yana zaune a tsakar gida da kwalin a hannu, yana tunanin ko wannan karon ƙarfe zai sa a ƙarƙashin ƙasar. Mai Keke tana gefe tana cire zaren shirin wata riga.

"Wai Malam, wa ya shuka shi a filin can?"

"Ba kowa."

"Wa yake ba shi ruwa safe da yamma?"

"Wa zai ba shi? Sama ce."

"Wa ya rufa masa buhu?"

Ya jujjuya kwalin a hannunsa. Ta ci gaba.

"Kai ka haƙa tudun nan da hannunka. Ƙasar wace iri ce?"

A nan ya gyara zama, don an zo fagensa. Ya ce ƙasa ce ta kirki, irin wadda magini yake addu'ar samu. Yashi ne da tsakuwa zalla, diga tana sauka tana ƙara, ruwa ba ya kwana a cikinta, ko tsutsa ba ka gani. Ya ce ƙasa ce ta gini, ba ta noma ba, in ka shuka... Sai ya tsaya. Ya dubi akwatin bulon da ya cika da baƙar ƙasa da taki. Ya juya a hankali ya dubi kusurwar bayan ɗakin girki.

A kusurwar nan akwai tulin yashi da tsakuwa, ragowar ginin gidan. Tun da suka tare Mai Keke take fama da shi ya kwashe, shi kuma yana cewa magini ba ya zubar da yashi, wata rana zai yi amfani. A kan wannan tulin sun yi faɗa fiye da yadda suka yi a kan komai.

"Kin gani ko?" ya ce. "Da na bi ta taki na kwashe fa?"

"Oho dai. Tashi mu je."

Ya miƙe ya nufi ɗakin kayan aiki. Ta ce ina zuwa? Ya ce igiya zai ɗauko da ma'auni, ya ɗan baje wurin. Ta ce ko ƙusa ba zai ɗauko ba. Da ƙafa ya ɗan ture kan tulin, yana ɓata rai saboda gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. Ya juye sauran irin a tafin hannu, ya haɗa da ɗan yashi don ya ji yana riƙe da wani abu, ya watsa. Shi ke nan. Ya tsaya yana kallon wurin, ba alamar an yi aiki. Hannunsa ya tafi da kansa zai ja yashi ya rufe, ta cafke wuyan hannun.

"A filin can wa ya rufe?"

"Tsuntsaye za su cinye."

"Tsuntsun da zai ga wannan abin sai ya ari tabarauna."

Daga ranar ta kafa doka. Ta kwashe cokali da ma'auni da garwar ban ruwa ta kulle a akwatin yadinta. Da safe in zai fita aiki ta miƙa masa cokali da ma'auni a bakin ƙofa, da yamma ta karɓe kafin ya cire takalmi. Direba ya ce shi ya yi aiki a kamfanoni da yawa, bai taɓa ganin mai gadi mai tsanani irin wannan ba. Baba Daidai ya koma zagaya tulin da hannuwa a goye a baya kamar mai duba aikin wani. Sau ɗaya ta kama shi yana tsiyaya ragowar ruwan kofinsa a gefen tulin, ya ce hannunsa ne ya karkace.

Ruwa ya sauka. Bayan 'yan kwanaki kan tulin ya yi tsanwa-tsanwa, sai ga tsiro iri-iri, mai faɗin ganye, mai sirara, mai gashi, mai yaɗo. Suka tsuguna su biyu suna dubawa.

"To wanne ne namu?" ya tambaya.

Ita ma ba ta sani ba. Shekara da shekaru tana tsinkar furen, ba ta taɓa sunkuyawa ta dubi ganyensa yana ƙarami ba. Shi kuma a bushe ya tsince shi. Ba wanda ya san wanda za a cire da wanda za a bari, don haka aka bar kowa.

Wannan ne ya fi yi wa maginin ciwo. Mutumin da ko tsinke ba ya bari a tsakar gidansa, ga daji a bayan ɗakin girkinsa. Ciyawa ta kai gwiwa. Wani abu ya yi fure fari, wani ya yi rawaya, ƙarangiya ta samu wurin zama ta kama bin zanen Mai Keke har shago. Kowace ranar hutu sukan zauna su yi gadin wurin da hantsi, ba shuɗi ko na magani. Sauran ranaku kuwa shi yakan fita tun rana ba ta fito ba, ita ma ta bi bayansa ta buɗe shago, ba su dawowa sai yamma. Damina ta raba tsakiya. Sauro ya yi yawa, wata maƙwabciya ta fara zancen macizai. Ranar nan Mai Keke da kanta ta buɗe akwati ta fito da kayan aikinsa ta ajiye masa.

"Ka yi iya yinka, Malam. Kwashe abinka ka daɓe wurin. Na yafe ɗan kunnen."

Ta faɗa tana dariya, amma ba ta dube shi ba.

Ranar hutu ta zagayo. Ya tashi da sassafe kamar yadda ya saba, don magini ba ya jiran rana ta yi zafi. Ya turo baro, ya ɗauko shebur, ya tofa yawu a tafin hannu. Sai ga kan Direba a kan katanga, da asuwaki a baki.

"A'a, yau dajin zai tashi? To babban furen naka bai zo ba ke nan?"

"Bai zo ba."

"Allah ya kyauta. Ni dai 'yan shuɗayen nan zan yi kewa. Su nake kallo in ina shanya."

Shebur ɗin ya tsaya a sama.

"Waɗanne shuɗaye?"

"Wasu 'yan mitsi-mitsi, can ƙasa ta gefen katangata. Cikin makon nan suka fara. Da hantsi suke fitowa, kafin azahar sun gudu. Ciyawa ce dai."

"Da rawaya a tsakiya?"

"Ka san su ashe."

Baba Daidai ya saki shebur ya faɗi a kan baro da ƙara. Ya ce, "Kai, Direba! Kana gani tun farkon mako ka yi shiru?"

"To wa ya gaya mini? Mutum ya gina akwati da filasta, ya sayo garwa, ya zaga gari a kan keke, ni na ɗauka furen ya kai faranti! Wai don wannan ɗan abin ne?"

Mai Keke ta fito jin hayaniya. Mijin bai iya yi mata bayani ba, sai nuna gefen katanga yake yi. Suka zagaya ta bayan tulin, suka buɗa dogayen ciyayi da hannu. A ƙasa akwai wasu 'yan tsirrai masu sirirrin ganye, kwance a kan tsakuwa, a warwatse ba tsari, kowanne da ɗan tsinin abu a naɗe kamar ƙwayar shinkafa. Ta ce ba ta yarda ba sai ta gani da idonta.

Aka fito da kujeru. Ta haɗa shayi, Direba ya tsallako da kofinsa ba tare da an gayyace shi ba. Suka zauna su uku suna fuskantar tulin yashi, manya da su. Direba yana ta ba da labarin wata tafiya da tayarsa ta fashe a kan gada, ba mai sauraronsa. Rana ta hau kan rufin ɗakin girki, ta gangaro katanga, ta sauka a kan tsakuwa. Na farko ya buɗe a hankali, shuɗi shar, da ɗigonsa. Na kusa da shi ya biyo. Kafin shayin ya huce gefen katangar ya cika da su.

Mai Keke ta rufe baki da hannu. Can ta ce, "Ka gan su, ko gaisuwa babu, kamar jiya muka rabu."

Baba Daidai ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya daɗe yana zaɓe, don ba ya son rage masu yin iri. Ya tsinko biyu da yatsun nan nasa da siminti ya farfasa, ya miƙa mata. Ta ture ɗankwali baya, ta saƙala ɗaya a dama ɗaya a hagu, ta juyo.

Ya rufe ido ɗaya. Ya karkatar da kai.

"Faɗi mana," in ji Direba. "Mun san yana bakinka."

"Na hagu ya fi na dama sauka," ya ce. Ta ɗaga hannu za ta gyara, ya riƙe hannun. "Bar shi haka."

Da damina ta ƙare ya tsince kwanson a hular nan dai, ya murje a kan farar takarda. Kwalin ashana ya cika har aka nemi na biyu, Auta ta tafi da shi gidanta. Akwatin bulon da ke gaban taga Mai Keke ta sa barkono a ciki, kuma barkonon ya ji daɗin takin sosai. Tulin yashi yana nan a kusurwarsa, yanzu ita ce take hana a taɓa shi. Ganyen ɗan kunne kuwa sun san shi su duka, har Direba, wanda yake cewa shi ya gano furen kuma har yau ba a gyara masa dakali ba.

Baba Daidai bai daina gini ba. Leburorinsa sun lura da wata sabuwar ɗabi'a tasa. In an gama aiki ana kwashe kaya, yakan ce a bar ragowar yashin da ke bayan ginin. Sai ya zagaya can shi kaɗai, ya laluba aljihun rigarsa, ya yi kamar mai kakkaɓe yatsu, ya dawo da hannuwa a goye a baya ya ce a tafi.